Tampol a Kan Bukkar Madam Rashel

Tun da na dawo daga Faransa bakina bai huta ba. Wadda ta zo yi mini barka da sauka sai ta gyara zama ta ce in ba ta labari tun daga farko, kafin in kai rabi wata ta yi sallama, ita ma daga farkon take so. Tsoffin abokan aikina malaman lakwal, wato makarantar boko, kuwa, waɗanda muka tsufa tare muna shaƙar garin alli, ba sanyin ƙasar ne ya dame su ba. Abin da ya kai kunnensu shi ne wai Rabi ta je ƙasar Nasara ta koma 'yar makarantar Yahudawa. To, ba ƙarya suka ji ba. Na zauna a aji, malamar kuma Bayahudiya ce. Da Musuluncina na tafi, da shi na dawo, ko raka'a ɗaya ban bari a can ba. Amma tun da an matsa, bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Wanda bai san ni ba sai ya fara sanin abin da ya fitar da ni daga Damagaram. A daminar bara aka yi kwanaki ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, ɗakin maigidana Malam Habu ya rufta a kansa da rana tsaka, kafin a ciro shi rai ya yi halinsa. A gidan ƙanwata na yi takaba, na gama ban koma gidana ba. Ko layin ba na iya bi. Idan hadari ya haɗu kuwa, ba na iya zama a cikin ɗaki ko wane iri ne, sai in fita waje in tsaya ruwan ya ƙare a kaina. 'Yarmu ɗaya ce, Mariama, tana aikin gwajin jini a wani asibiti a Lyon. Ba ta samu zuwa jana'iza ba, daga baya kuma ta ce zuciyarta ba za ta ɗauki ganin wurin ba. Ita ta aiko mini da tikiti na zuwa da dawowa, amma ta faɗa mini ƙarara a waya: in na zo za ta nema mini takardun zama, gidan kuma a bar wa dangi su yi yadda suka ga dama da shi. Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Sai dai na aika aka kwaso tukwanena na rabar kafin in tashi, duk wanda ya san mace kuwa ya san abin da wannan ke nufi.

Wahalar biza ba zan taɓo ta ba, don in na fara yau ba za mu bar Afirka ba. Motar Yamai ta tashi bayan asuba. Kusa da ni wata 'yar kasuwa ce mutuniyar Tasawa, mai jiki masha Allah, ta cinye kujerarta da rabin tawa, ta kuma cinye hanya da surutu. Kafin Maradi na san sunayen surukanta duka da laifin kowa. Na so in ji haushi. Amma da muka wuce Ƙwanni sama ta yi baƙi, ruwa ya fara dukan rufin motar, na miƙe ban san na miƙe ba, ina neman ƙofa. Matar nan ba ta tambaye ni komai ba. Ta jawo ni ta zaunar, ta riƙe hannuna gam, ta ci gaba da yagar naman surukanta har ruwan ya ɗauke. Ko sunanta ban tambaya ba, Allah ya saka mata da alheri.

Jirgi ya ajiye mu a Kazablanka, muka yi zaman jira har ƙafafuna suka kumbura, sannan wani ya kwashe mu zuwa Paris. Wadda ta karɓi fasfo ɗina 'yar sanda ce sa'ar Mariama. Ta duba takardu, ta dube ni, ta ce, "Madam, za ki koma ƙasarki ranar da ke kan tikitin nan?"

Na ce, "In Allah ya yarda."

Ta ce, "Madam, e ko a'a?"

Ni da na ƙare ƙuruciyata ina buga tebur ina hana yara ƙarya, sai ga ni ina laluben hanya tsakanin e da a'a. Na ce mata, "Tikitin dai ga shi a hannunki, ɗiyata." Ta ɗan murmusa ta buga hatimi. 'Yan duwan, masu binciken kaya, su ne ba su yi mini murmushi ba. Kilishin da na sa aka yi wa Mariama musamman suka ɗauke kaf, wai nama ba ya shiga ƙasarsu. Daddawa kuwa, mutumin ya kwance ƙullin ya kai hanci, ya ja da baya, ya miƙo mini abata da sauri bai ƙara buɗe komai ba.

Alhaji Isuhu ne ya tarye ni, ƙanen Malam, wanda ya daɗe a Paris yana sayen kaya yana aikawa gida. Da can tsakanina da shi sai tsiya irin ta ƙanen miji, ba ya cin tuwona bai ce gishiri ya yi yawa ba. Ran nan ya karɓi akwatina kawai ya ce, "Yaya Rabi, ya haƙuri?" Na ce mun gode Allah. Muka shiga metro, jirgin nan nasu na ƙarƙashin ƙasa, inda mutane ke cunkushe kafaɗa da kafaɗa amma ba mai ce wa wani sannu.

Unguwarsa Belleville, kuma in ba don sanyi ba sai ka rantse ba Turai kake ba. Ga Larabawa, ga Sinawa, ga namu baƙaƙe, kowa da ƙamshin tukunyarsa. Ɗakin da suka ba ni, in na miƙe ƙafa na taɓa wannan bango, in na miƙa hannu na taɓa wancan. Matar Alhaji ta yi mini tuwon garin alkama da miyar kuka, ta tsaya a kaina tana jiran hukunci. Na ce ya yi daɗi. Ya yi ɗin, amma ba gero ba ne.

Wata safiya ina lazimi kusa da taga sai na ji wani kuka daga bayan gidan. Ba na mota ba ne, ba na mutum ba. Ya ja dogo, ya kakkarye, ya koma kamar shessheƙar wanda ya gaji da kuka, sannan ya sake jan dogo. Hawaye suka zubo mini, ni da ko ranar rasuwar idona a bushe yake har mata suna ƙus-ƙus.

Na tambayi Alhaji. Ya ce, "Yahudawa ne, wurin ibadarsu na nan baya, inda kika ga sojoji a ƙofa. Sabuwar shekararsu ce. Ƙahon rago suke busawa."

Na ce, "Don mi?"

Ya ce, "Wallahi Yaya, ban taɓa tambaya ba."

Shekara da shekaru kana jin abu ta tagarka ba ka tambaya ba! Da a ajina yake da ya sha ja a kunne. Da ya ga na nace, bayan sallar tasu ta wuce ya kai ni wurin maƙwabcin shagonsa, wani mai suna Alber, Bayahude haifaffen Tunis mai sayar da kayan zaƙi. Ya yanka mini tuffa ya tsoma a zuma, ya ce haka suke buɗe shekara don ta zo da zaƙi. Da na tambaye shi ƙahon sai ya yi dariya ya shafa tumbinsa. "Madam, ni ci na iya. Ma'ana sai yayata Rashel, ita ke koyar da manya a Lyon. Ai a gidansu ɗiyarki take." Ashe tun lokacin da Mariama ta samu aiki, Alhaji ne ya yi wa Alber magana, Rashel ta samo mata ɗaki a benen da take zaune.

Jirgin ƙasan Lyon gudu yake kamar an biyo shi, amma ko shayin da ke gabanka ba ya motsi. Na ciro dabino na miƙa wa Baturen da ke kusa da ni, kamar yadda kowane ɗan halak zai yi a mota. Ya dube ni a tsorace, ya ce ya gode, ya matsa jikin taga. Na cinye abina.

Mariama ta rame. Da na rungume ta a tasha ƙashin bayanta na ji. Muka yi gaisuwa, muka yi maganar kilishin da aka ƙwace, muka yi maganar sanyi, amma sunan babanta bai fito daga bakin kowa ba. Gidanta a Rillieux yake, bayan gari, inda dogayen benaye suke jere kamar an zuba su daga buhu ɗaya. Muna shiga ta ƙwanƙwasa bango da hannu ta ce, "Inna, kin ji? Béton ne, siminti da ƙarhe. Nan ba abin da ke faɗuwa." Na ce na ji. Bayan kwana biyu aka yi ruwa, ta dawo daga aiki ta same ni tsaye a bakin ƙofar bene, a waje, mayafina sharkaf, maƙwabta na leƙe ta taga. Ta kai ni sama ta canza mini kaya kamar jaririya. Kunya ta kama ni ƙwarai, tausayinta kuma ya fi kunyar.

Madam Rashel a ƙasan benen take da mijinta, suna da ɗan fili mai ciyawa a bayan ɗakinsu. Tsohuwa ce 'yar firit, idonta kamar na malamar da ta san wanda bai yi aikin gida ba. Mijin sunansa Dawid, ni kuwa tun ranar farko na maida shi Malam Dauda, ya kuma amsa. Da na ce mata ƙahon ne ya kawo ni, ta ce in zo ɗakin taron unguwa da yamma, a nan take karantar da manya ma'anar sallolinsu na lokacin kaka, kuma ƙofa a buɗe take ga kowa.

Mariama ta ce, "Inna, mutane za su yi magana. Kin san yadda duniya take yanzu."

Na ce, "Abin da maƙwabcina ke yi zan je in ji, ba alƙibla zan canza ba."

Ajin duk furfura ne. Yawancinsu Yahudawa ne da suka tashi iyayensu na fama da neman abinci ba a koya musu komai ba, sai yanzu suke neman abin da ya wuce su. Akwai kuma wani Kirista tsohon direban bas da ya ce zaman gida ne ya ishe shi. Na zauna a gaba, inda nake ajiye masu surutu a ajina.

Rashel ta ce ƙahon ba shi da kalma ko ɗaya, kuma da gangan ne, don akwai abin da bawa yake son faɗa wa Ubangijinsa wanda harshe ba ya ɗauka. Dogon sautin farko kira ne, a farka, shekara ta wuce, me ka yi da ita? Kakkaryayyen na tsakiya zuciya ce da ta karye. Dogon na ƙarshe kuma fata ne cewa abin da ya karye zai haɗu. Ta ce ƙahon rago ne don tunawa da ragon da aka fanshi ɗan Annabi Ibrahim da shi, Ishaƙa. Hannuna ya tashi da kansa. Na ce, "Isma'ila dai." Ta ce, "A wurinku Isma'ila, a wurinmu Ishaƙa." Muka dubi juna, ba mai niyyar ja da baya. Sai direban bas ya ce shi dai a fahimtarsa ba a yanka yaron kowa ba, kuma wannan ya ishe shi. Aka yi dariya aka wuce. Na tuna yadda muke jefar da ƙaho a bola bayan layya, ko kallonsa ba ma yi.

A zama na gaba ta yi bayanin kwanaki goma na tuba da ke tsakanin sabuwar shekara da babban azuminsu, wanda suke kira Kifur. Daga faɗuwar rana zuwa faɗuwar wata ranar ba ci ba sha, ana roƙon gafara, ana roƙon a ga baɗi. Ban yi niyyar magana ba, amma na ji bakina yana cewa, "Madam, wanda ya tuba, ya nemi gafarar kowa, bai zalunci ko kaza ba, sannan bango ya faɗo masa fa?"

Rashel ta cire tabarau ta ce, "Ban sani ba, Madam Rabi. Mu ma muna yi wa Allah wannan tambayar. Azumin ba ciniki ba ne, da za ka ce na biya a ba ni shekara."

Na san ƙaddara, na yi imani da ita, masu ta'aziyya sun yi mini nasiha har na haddace. Amma a cikinsu duka ba wanda ya taɓa ce mini bai sani ba. Sai na ji wani abu ya ɗan sassauta a ƙirjina.

Ana jajibirin azumin Rashel ta hawo bene da kanta, tana haki, ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. Wai ta zo neman gafara ko ta taɓa ɓata mana rai, don a wurinsu laifin da ke tsakaninka da mutum azumi ba ya wanke shi sai ka je ka same shi. Na ce ai mu ma haka ne, haƙƙin wani ba ya faɗuwa da istigfari, muka yafi juna kamar masu shirin Makka. Washegari na hango su za su ibada cikin fararen kaya tas, amma ƙafar Malam Dauda takalmin roba ne irin na 'yan ƙwallo. Na yi dariya ni kaɗai. Daga baya Rashel ta gaya mini ranar ba a sa takalmin fata, ana ajiye jin daɗi da girma a gida, a je gaban Allah ba kowa ba. Na janye dariyata.

Azumi na wucewa na ga Malam Dauda yana kafa katakai a filin bayan ɗakinsu. Ya zagaye da yadi, ya shimfiɗa kara da rassan itace a sama. Rashel ta ce sallar bukkoki ce ke tafe, kwana bakwai a ciki za su riƙa cin abinci, darasinta kuma a cikin bukkar za a yi shi, ta gayyace mu ni da Mariama cin rana a ranar farko. Na duba rufin nan, duk ɓula, ana hango sama ta ko'ina. Na ce a raina, Allah sarki tsufa, ƙarfin tsohon ke nan. Da a Damagaram ne ko awaki ba a sa wa irin wannan rumfa.

Ranar sallar da hantsi hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Kamar kullum ɗaki ya gagare ni, na sauko waje. Tsoffin sun tafi ibada. Na leƙa bukkar, ga tebur an shimfiɗa farin ƙyalle, ga faranti an jera, ga 'ya'yan itace an rataye. Wace 'yar Damagaram ce za ta ga kayan maƙwabta a ƙarƙashin hadari ta naɗe hannu? Na koma na yaye tampol ɗin da Mariama ke rufe kekenta da shi, na samo igiyar shanya, na hau kujera da tsufana. Na rufe bukkar nan ruf, na ɗaure kowace kusurwa ɗaurin buhun gero, wanda ko guguwa sai ta yi da gaske. Na sauko ina jin daɗin kaina, rabon da in ji haka tun Malam na da rai.

Da azahar suka dawo da baƙinsu, ruwan kuwa bai sauko ba. Na tsaya a gefe ina jiran godiya. Malam Dauda ya zagaya bukkar, ya duba ƙullin bai taɓa ba, ya ce, "Kai, wannan ɗauri ne na gaske." Na ce ai ba komai, yi wa kai ne. Rashel ta ɗaga kai ta dubi tampol ta ce a hankali, "Da dai ana ganin sama." Na ce ta kwantar da hankalinta, ko ɗigo ba zai shiga ba. Ba wanda ya shiga bukkar. Suka tsaya cirko-cirko da tukunyar miya a hannu, kowa na murmushin dole.

Mariama ce ta sauko ta ga abin da ake ciki. Ta matso ta ce mini da Hausa, "Inna, kin ɓata masu salla. In ba a ganin sama ba bukka ba ce. Yau kuma ranar hutunsu ce, ba su kwance ƙulli, ba su kuma iya ce maki ki kwance."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na hau kujerar nan a karo na biyu, ƙullin da na yi alfahari da shi ya ƙi ni, na sa farce, na sa haƙori, sai da Mariama ta kawo wuƙa. Da tampol ɗin ya zame haske ya zubo ta cikin karan, baƙin suka tafa mini kamar na ci jarrabawa. Rashel ta kama hannuna ta zaunar da ni kusa da ita, ta ce tun da take ba a taɓa ɓata mata bukka da alheri irin na yau ba.

Miyar kifi aka zuba da kuskus. Muna ci tana bayani. Ta ce sallar a lokacin girbi take zuwa, lokacin da rumbu ya cika mutum ya fara ganin ƙarfinsa ne ke tsare shi. Sai a ce masa ya fito daga gidansa mai ƙwari ya zauna inda iska ke shiga. Kakanninsu sun yi shekara arba'in a hamada tare da Annabi Musa, ba bango ba rufi, kuma an tsare su. Shi ya sa rufin dole ya zama na abin da ya tsiro daga ƙasa, inuwa ta fi rana yawa, amma a bar inda ido zai ga sama. "In aka rufe shi ruf ya zama ɗaki," in ji ta, "ɗaki kuwa muna da shi."

Na ajiye cokali. Da Faransanci na fara, ban san inda na koma Hausa ba. Na ce ranar da Malam ya rasu ina ƙarƙashin rumfar zana a tsakar gida ina tsintar shinkafa, ruwa na ɗiga a bayana. Malam ya leƙo ya ce in shigo ɗakinsa kar in jiƙe, don shi ne ɗakin da ya fi kowanne ƙarfi a gidan. Na ce bari in ƙarasa. Ban ƙarasa ba na ji ƙarar. Rumfar nan da akuya ke iya turewa, ko kara ɗaya bai faɗo daga jikinta ba.

Mariama kaɗai ta ji ƙarshen maganar, amma ba wanda ya nemi fassara. Ta ce, "Inna, ba ki taɓa gaya mini ba." Na ce ban iya ba ne.

Muna haka ruwan ya sauko. Ya fara ɗiga ta cikin karan, a kan ƙyalle, a cikin faranti. Ni ko a jikina, nan ne ma wurin da hankalina ya fi kwanciya tun da na zo ƙasar. Sai Malam Dauda ya miƙe ya ɗauki tukunya ya ce ƙa'ida ce, in ruwa ya fara ɓata miya a shiga ciki, ba a ce mutum ya azabtar da kansa ba. Kowa ya kwashi farantinsa. Na ce su je, ni nan ya yi mini.

Rashel ta tsaya a bakin ƙofarta ruwa na dukanta, ta ce, "Madam Rabi, bukka ba gida ba ce. Kwana bakwai ne a koma ciki. Fitowar don a san wanda ke tsarewa ne, ba don a ƙi rufi ba."

Mariama ta miƙo mini hannu. Ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, na taka na shiga. Na zauna a kujerar Rashel ina jin ruwa na dukan taga, na ƙarasa kifina. Tsoron bai tafi ba, amma ban tashi ba.

Bayan sallar ta ƙare, Malam Dauda ya kwance katakansa, na ce wa Mariama zan koma ranar da ke kan tikiti.

Ta ce, "Ki koma ina, Inna? Kango?"

Na ce, "Gidana. Shekara guda ina raɓe a gidajen mutane, ya isa."

Ta ce, "Nan ba abin da zai same ki."

Na ce, "Haka babanki ya ce da ɗakinsa."

Ta fashe da kuka ta ce, "Baba a waya aka gaya mini. Ke ma so kike a kira ni a waya?" Kwanakin da suka rage gidan ya yi mana nauyi. Ta cika mini akwati da magunguna da rigunan sanyin da ba zan taɓa sawa a Damagaram ba, tana yi tana ɗaure fuska. A tasha ta rungume ni ta ce, "Ni dai kar ki ce in zo. Ba ni iyawa." Da wannan maganar na hau jirgi, ta kuma yi mini ciwo har Yamai.

Da motar ta sauke ni a Damagaram ban bi ta gidan ƙanwata ba. Na ce wa mai adaidaita ya shiga layinmu. Maƙwabta, Allah ya biya su, sun kwashe ɓaraguzan tuntuni. Ɗakin Malam saura bango iya ƙugu, ciyawa ta fito a tsakiya ta bushe. Na share gefe guda na yi la'asar a wurin, sannan na kira Mariama a waya mai hoto.

Ta ce, "Inna, ina kike haka?"

Na ce, "Gida."

Can ta ce, "Nuna mini."

Na juya wayar a hankali. Ta tambayi inda gadonsa yake, na nuna mata kusurwar. Ta tambayi inda yake ajiye buzunsa na salla, na nuna mata. Ta yi kuka mai yawa, irin wanda ya kamata ta yi tun bara, ni kuma na riƙe wayar ban ce ta yi haƙuri ba. Da ta lafa na gaya mata zan nemo magini cikin makon nan a tada bangon a rufa.

Ta share fuska ta ce, "Inna, kar a rufa tukuna. Ki bar shi haka har in zo in gani."

Ban nemi maginin ba. Mariama ta sayi tikiti.